Godiya da Koken Mai Aya Daga Cadawa Ga Masu Sa Ido Kan Dokar Zaɓe

Zuwa ga Shugabar tawagar ƙasashen waje masu sa ido kan gyaran dokar zaɓe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da abokan aikinki, ranki ya daɗe, sunana Sani, manomin aya ne ni a Cadawa. Ni ne wanda kika zauna a rumfarsa ranar kasuwar Agiye, ke da tafintanki, shekarun baya.

Na farko, godiya. A lokacin muna da wata ƙaramar jam'iyya da ba ta wuce yankinmu ba, manoma da makiyaya muka haɗu a cikinta saboda abu ɗaya: burtali. Duk damina sai an yi rikici kan hanyar shanu, har an taɓa sarar ƙanena a hannu. Muka tsayar da Buba, makiyayi mai haƙuri, ya nemi kujerar konseye, wato kansila. Sai muka ji ana shirin gyaran doka wanda zai hana jam'iyya irin tamu tsayar da kowa, sai wadda take da rassa ko'ina a ƙasa. Manyan jam'iyyu kuwa ba su taɓa sa burtalinmu a bakinsu ba.

Da kika zo, ba ki tsaya a buro, wato ofis, wajen manya kaɗai ba. Kin shigo kasuwa, kin zauna kan buhun aya, kin saurari Buba da Hausarsa ta Fillo har ya gama. Ina tuna abin da ya ce miki: "Hajiya, idan aka rufe mana wannan ƙofa, sanda ce za ta yi mana magana, mu kuwa mun gaji da ita." Daga baya muka ji a rediyo kun ja hankali kan ƙananan jam'iyyun karkara, kuma wancan sashe bai shiga doka ba. Ban ce ku kaɗai kuka yi ba, mutanen ƙasa da yawa sun yi magana, amma muryarku ta ƙara nauyi. Buba ya samu kujerarsa, aka zauna da manoma aka kafa alamomin burtali kafin shuka. Tun daga nan ba a sake zubar da jini a gefenmu ba. Allah ya saka da alheri.

Na biyu, kokena. Bayan tafiyarku, wasu masu faɗa a ji suka ce na kai ƙarar gida wajen baƙi. Ranar kasuwa ta zagayo na tarar an ba wani rumfata, wadda na gada daga mahaifina. Yanzu a bakin hanya nake baza aya, cikin rana. Ban yi da-na-sani ba, sai dai na nemi hanyar sanar da ke na rasa. Kun ɗauki maganarmu kun tafi, ba ku bar mana inda za mu same ku ba. Wanda ya ga abin da ya faru da ni, da wuya ya buɗe baki idan kun dawo.

Na uku, abin da kuka rubuta da Faransanci ne. Ni ban yi lakol ba, wato makarantar boko, Buba ma haka. Har yau gutsure kawai muka ji daga bakin waɗanda suka karanta, kowa da irin tasa fassarar.

Don haka ina roƙo, duk lokacin da aka sake taɓa dokar zaɓe, ku zo tun ana rubuta ta, kada ku bari sai ranar jefa ƙuri'a. Ku isa ƙauyukan Gazawa da Gidan Rumji, akwai masu magana can waɗanda ba a taɓa tambaya ba. A karanta mana rahotonku da Hausa da Fillanci a rediyo. Sannan ku riƙa waiwayar waɗanda suka ba ku shaida, ku san halin da suka shiga. Ba na neman ku karɓo mini rumfa, wannan tsakanina da mutanen garinmu ne, kuma Buba yana bin maganar.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya tsare ki a duk ƙasar da aiki ya kai ki, ya ba mu shugabanni masu jin maganar babba da ƙarami. Idan kin sake biyowa ta Agiye, ki duba bakin hanya kusa da tasha, ina nan.

Wassalam.

Naki,
Sani Mai Aya, Cadawa