Maɓallin "A'a" Ya Daina Gudu

Anti, don Allah ki taimake ni. Maigidana ya yi fushi da ni a kan abin da ko faɗar sa kunya nake ji.

Lokacin da yake nemana, sana'arsa haɗa hotuna masu motsi ce a shafukan intanet, da wata manhaja wai ita Filash, da ake liƙa wa burauza, wato abin buɗe shafukan. Mutum ne mai nauyin baki, ko gaisuwa sai ya yi gumi. Da zai tambaye ni aure, sai ya haɗa mini shafi: wani ɗan mutum mai ƙaton kai a kan keke ya zo ƙofar gida ya buga ƙararrawa, tambaya ta fito da maɓalli biyu, "Eh" da "A'a". Da na nufi "A'a" da kibiyar maus sai ya zille ya koma wata kusurwa. Na bi shi har hannuna ya gaji, na yi dariya har da hawaye, na danna "Eh".

To, yanzu burauzoji sun daina karɓar Filash, in an buɗe shafin sai wani akwati mai ruwan toka. Shi ya sa ya kafa tsohuwar kwamfutarsa a falo, ya lulluɓe ta da sabon zanin gadona, ya hana kowa sabunta mata komai. In ya kunna ta kamar injin markaɗe, maƙwabta ma sun san mun tuna baya.

Babbar 'yarmu, da ta gaji sana'ar, ta sake gina shafin da sabon tsarin da ba ya buƙatar a liƙa komai, har a waya yana buɗewa. Ta kawo muna zaune. Ashe a waya babu kibiyar da maɓallin zai hango ya gudu. Na kai yatsa da wasa, Anti, sai ga "A'a" ya dannu. Ɗan mutumin ya juya kekensa ya tafi, kai a sunkuye. Ban ma san maigidan ya zana wannan tun asali ba.

Tun ranar abinci kawai ke haɗa mu. Ya ce wa 'yarmu ashe da can rashin mafita ne ya sa na yarda. Wallahi ina son mutumin nan, har da ƙaton kan.

Matar Mai Keke

AMSA

Ƙanwata, na yi dariya, amma na tausaya wa maigidanki. Sana'ar da ya ƙware a kai ta shuɗe yana kallo, 'yar cikinsa ta gyara abin da ya gagare shi, sannan ke kika ɗora naki. Ba maɓallin kaɗai ke cin sa ba. Ke ma ba ki yi laifin a zo a gani ba, wasa ne ya zo a kan gyambo.

Kwamfutar nan ku bar masa abarsa, sai dai kada a haɗa ta da intanet, domin manhajar da aka daina sabuntawa ƙofa ce a buɗe ga ɓarayi. Ku ɗauki bidiyon tsohon shafin, ku kwafe fayilolin tun ba ta yi tarin ƙarshe ba. 'Yarku ta nemi shawararsa a kan zane, ta nuna masa sabon tsarin a hankali. Iya zanensa bai tafi da Filash ba.

Amma kada ki bari ta gyara maɓallin. Ki zauna kusa da shi, ki buɗe shafin a wayarki, ki nuna masa "A'a" yana tsaye ba ya gudu, sannan ki danna "Eh" yana gani. Wancan "Eh" na farko dabararsa ce ta samo masa. Wannan ke kika ba shi.

Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Ki kuma karɓe zanin gadonki.