Awon Ƙara a Tsohon Gidanmu

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Bayan haka, aiki ya kawo ni inda ban zata ba, tashar bututun gas da ke bayan tsohon gidanmu. Za su ƙara manyan injunan tura gas guda biyu, mu kuma an turo mu mu duba abin da hakan zai jawo wa ƙasa da ruwa da kunnuwan maƙwabta.

A ƙa'idarmu, gidan da ba a kwana a ciki ba a auna masa ƙara. Jiya abokin aikina ya ga kwaɗo a ƙofarmu, ya rubuta "ba kowa". In hakan ya shiga rahoto ranar Alhamis, a gindin katangarmu za a kafa injunan, ba mai sake iya barci a gidan. Na tsaya ƙarƙashin lemon da Baba ya shuka, wallahi kewa ta kama ni. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙaninki.

*

Auta,

Mun ga wasiƙarka, muna lafiya. Wato sai da kamfani ya biya maka kuɗin mota ka tuna hanyar gida? Shekara guda Inna ba ta sa ka a ido ba, amma lemo ya samu ziyara.

Ka ce kada in gaya mata, ka manta ita ke karɓar wasiƙa a ƙofa, sai ta tsare ni na karanta mata. Tun da muka ɗauko ta saboda ciwon gwiwa, kullum kujerarta tana fuskantar taga. Ranar da aka yi ruwan farko cewa ta yi, "Ko wa ya rufe mini rijiya?" Da na ce ka goge rubutun kawai, ta harare ni: "Ɗana ba zai rubuta ƙarya saboda ni ba." Yanzu haka tana ɗaure kayanta za ta koma gida, na yi magiya har na gaji. Allah ya tsare.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Alhamis na iso da na'urar awo, na tarar da zannuwa a kan igiya, hayaƙi na tashi daga kicin. Na durƙusa zan gai da Inna, ta ɗora yatsa a baki: "Yi aikinka tukuna, kada muryata ta ɓata maka awo."

Minti talatin muna zaune gefe da gefe. Na'urar ba ta kama komai ba sai kurciya da ƙarar carbinta. Na rubuta "akwai mutum ɗaya". Yanzu dole a matsar da injunan can gefen tudu.

Cikakken awo kwana ɗaya yake ɗauka. Na roƙi shugabana hutun mako guda, Inna ta riga ta share mini ɗakina.

Ƙaninki.