Kwanonin Ajin Tsofaffi

Haɗeja, ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana Abdulmannan, mijin da ba ya cefane,

Gaisuwa mai yawa. Yaya karatu, yaya zafin Kano? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke mini gardama.

Kakarka ta koma makaranta. Wata ma'aikaciyar jinya, Malama Mardiyya, tana tara mu tsofaffi a rumfar mai unguwa ranar Asabar, tana koya mana zama da hawan jini da ciwon suga. Ta raba mu da gishiri, ta sa mu miƙe-miƙe kamar 'yan ƙwallo. Sai dai man babur ɗinta da batirin na'urar awon jini duk daga aljihunta suke fita, kuma in ba a taimaka ba, ajin zai tsaya ƙarshen wata.

Muka nemi gudummawa, aka naɗa ni da ƙawata Aisa masu karɓa. Manoman Auyo suka aiko da shinkafa, masunta daga Guri suka kawo bandar kifi, da nufin a sayar. To, ni a tarbiyyata, wa ya taɓa mayar wa mutum kwanonsa wayam? Mai shinkafa muka zuba masa kifi, mai kifi muka shaƙe masa nasa da shinkafa. Kowa ya tafi yana sa mana albarka.

Kafin la'asar, ba abin da ya rage sai buhun gishirin da tsoho Fannami mai shago ya bayar. Shi ma don mun koyi illarsa ne muka ƙi zuba wa kowa.

Da Malama ta zo ta leƙa ɗakin da muke tara kayan, sai ta zauna kan buhun, ta ɗaura wa kanta na'urar.

Ka sa mu a addu'a.

Kakarka, Ramatu

Haɗeja, ranar Alhamis

Angona,

Ina fatan kana lafiya, kuma ka gama yi mini dariya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ajin nan ne ya sa na daina jiri. Na ari zaƙin baki na sake zagaya gari, jama'a kuma suka sake kawowa. Amma yanzu tukuicin ya canja: ka ajiye kwano, ka miƙo hannu, Malama ta auna ka. Aisa dai sai ta jefa ganyen zogale a kwanon, wai don kunya.

Fannami aka fara aunawa. Jininsa ya hau har Malama ta goya shi a babur zuwa asibiti. Ya samu magani, yanzu shi ne a sahun gaba, yana ɗaga ƙafa yana hararar buhunsa. An sayar da kaya, an zuba mai, aji ya tsira.

Saura kai. Ka aiko da batir, amma cikin kwano. Zan mayar maka da shi cike da miyar kuka marar gishiri, mu sha wahalar tare, tunda aure ya gaji haka.

Ka gai da abokanka.

Taka har kullum, Ramatu