Ranar da Auta Ya Shiga Wurin Likita Shi Kaɗai

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya.

Auta dai ba daɗi. Ya rufe shago, ɗinkin mutane na jibge kan keke, shi kuwa yana ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Abinci sai an yi da gaske.

Da ƙyar Inna ta yarda muka je wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ta sa ya yi aski, ta goge masa farar riga, ta ja masa kunne kada ya kunyata mu gaban baƙo. Likita ya tambaye shi barci, Inna ta riga shi, wai lafiya lau. Cin abinci, lafiya lau. Da ya tambaya ko yakan ji ya gaji da rayuwa, sai ta miƙe tsaye ta ce ɗanta mai tarbiyya ne. Auta bai ɗago kai ba. Muka dawo da maganin ƙarin jini.

Wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Na samu takardarki. Tun da likita bai ga komai ba, a gode wa Allah. Ku kuka shagwaɓa shi tun yana ƙarami. Ki faɗa masa na ce ya tashi ya buɗe shago, shi ba yaro ba ne. Ki gaida Inna da kyau.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban isar da saƙonka ba.

Shekaranjiya Auta ya kyautar da keken ɗinkinsa da almakashi, ya bi maƙwabta yana neman gafara, fuskarsa a sake. Inna har murna ta yi, wai ya warware. Ni kuwa na ga kamar ban kwana yake yi. Na ja shi asibiti da rigar da ya kwana da ita, na tura shi ciki wurin likita, na zauna a benci.

Sun daɗe. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya jima a jikinsa, kuma da mun ƙara jinkiri da mun rasa shi. Ya ce ba lalaci ba ne, ba laifin kowa ba ne, kuma yana da magani. Sun ba shi gado.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta zauna bakin gadonsa na gida tana shafa matashi, ta ce, "Ni na haife shi, amma baƙo ya gaya wa."

Ta ce in tambaye ka, kai ya taɓa gaya maka wani abu?

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.