Sunan da na kira a tsakar gida

Zuwa ga Yaya Binta a Kaduna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya maigida da yara? Mu nan Malumfashi lafiya, sai Inna surukata da ƙafa ke damu. Autana Audu ya warke daga masassara.

Yaya, na yi abin kunya. Ran Asabar muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, rediyo na magana. Sai aka ce 'yan ƙwallon kwando na masaƙa sun kai wasan ƙarshe na cin kofi, kuma yaron nan na wajenki ne ya jefa ƙwallon da ta raba gardama. Ban san lokacin da na miƙe na kira sunansa ba, har zaure aka ji. Ɗana na fari, Yaya!

Inna ta ce, "To, wannan ma a ajin yaƙi da jahilci aka koya muku?" Mata suka kwashe da dariya. Har yau na kasa haɗa ido da ita.

Kada ki gaya masa. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Ba zan ƙara zama kusa da rediyo ba, don haka ki rubuto kafin Sallah ko sun ɗauki kofin, in karanta a ɗaki ni kaɗai.

Ƙanwarki,
Hauwa