Bayan Jitar Malam Datti

Bunkure, 3 ga Fabrairu, 2003

Zuwa ga Baba Muntari, Agege.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ba ka san ni ba. Sunana Kubra, 'yar Malam Datti. Wata huɗu ke nan da ya faɗi a gonar albasa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, har yau bai furta ko kalma ɗaya ba.

Shekaranjiya ya dinga nuna min saman rufin ɗakinsa har na hau. Baba, jita na tarar a cikin akwati, da wani tsohon ambulan mai sunanka da adireshinka na Agege. Zaman daɓas na yi. Mutumin da yake kiran salla a unguwarmu tun ina rarrafe, wanda ko rediyo aka kunna da kiɗa sai ya tashi, shi ne da jita? Gwaggona da ta raine ni ta ce wai kiɗa kuke yi tare a Sabon Garin Kano, daga nan ta ja bakinta.

Jitar ta yi baƙi ƙirin, fentin ƙyallinta duk ya tsattsage. Ba zan miƙa masa ita a haka ba. Da me zan goge ta? Ka ba Uba amsa, direban motar tumatir da ya kawo maka wannan.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Kubra

Agege, 11 ga Fabrairu, 2003

'Yata Kubra,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Datti lafiya. Ashe yana da rai, ɗan banza, shekara ashirin da shida ko sallama. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Ki saurare ni da kyau, don ni na fesa wa jitar nan fenti da hannuna, hawa bakwai. Fenti ne irin na da, ba ya son wasa. Ki samo tsohon zanin auduga da ya sha wanki ya yi laushi. Ki hura mata iskar bakinki, ki goge a hankali, wuri kaɗan-kaɗan. Shi ke nan. Ban da omo, ban da kananzir, ban da turare. Kada ki naɗe ta a leda, roba tana cin fentin. Kada rana ta gan ta. Tsagar da kike gani ba lalacewa ba ce, shekaru ne.

Bayanta kuwa kada ki taɓa ko da zanin. Dalilin na ubanki ne, ba nawa ba.

Wassalam.
Muntari

Bunkure, 19 ga Fabrairu, 2003

Baba Muntari,

Ina gaisuwa, ya jama'ar gida. Ka yi haƙuri da rubutun.

Motar Uba ta lalace a hanya, wasiƙarka sai jiya ta iso, ni kuwa tun ranar Asabar na yi aika-aika. Na ga wasu 'yan ramuka a jikin akwatin, na ce ƙwaro ne ya shiga. Ka san mu nan, ko buhun wake muka ga ƙwaro a ciki fiya-fiya muke nema. Na yayyafa wa jitar gaba da baya, na naɗe ta a leda yadda muke yi don maganin ya kama.

Da na kwance bayan kwana biyu, innalillahi. Fentin ya narke ya zama kamar ƙaro, ya biyo ledar. Bayanta gaba ɗaya ya saluɓe, katako ne tsirara. Malam kullum idonsa a bakin ƙofa, ni kuma ina ce masa gobe.

A ƙarƙashin fentin na ga wani jan tabo babba, ya shige cikin katakon, zane ba ya fitar da shi. Kafintan bakin kasuwa ya ba ni samfefa, ya ce in kankare wurin tas shi zai shafa mata sabon fenti. Na ga ka ce kada a taɓa bayanta, amma tunda ta riga ta lalace, gara in gyara. Zan fara in na gama tsinkar tumatir.

Ka yafe min.
Kubra

Agege, 22 ga Fabrairu, 2003

Kubra,

Salamu alaikum. Babu lokacin doguwar gaisuwa, na tsare Uba a bakin mota nake rubutu.

Ki ajiye samfefar nan, don girman Allah. Wannan ba tabo ba ne. Hannun uwarki ne.

Lokacin bikinsu jitar tana wurina, na kankare tsohon fentinta zan sake. Kwana uku da kai amarya na kai wa Datti ya gani. Amarya Indo ta fito daga ɗaki da ɗanyen lalle a hannu, ta yi tuntuɓe da tabarma, ta dafa bayan jitar. Muka yi ta dariya har ta gudu ciki don kunya. Na ce zan goge, ubanki ya rantse in na goge mun rabu. A kan hannun na fesa fentin, ya yi duhu da shekaru har ya rufe shi.

Ba a cika shekara biyu ba ta rasu wurin haihuwarki. Ranar sadakar bakwai Datti ya rufe akwatin, ya ce ruwan dam ɗin Tiga ya iso garinsu, noma zai koma. Indo ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. In akwai wani abu nata da ya rage a duniya bayan ke, wannan ne.

Fenti ni zan zo in gyara. Ke dai ki cire hannunki.

Muntari

Bunkure, 1 ga Maris, 2003

Baba,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta same ni da samfefa a hannu. Yatsu uku sun riga sun tafi. Saura babban yatsa, da manuni, da tafin.

Na daɗe a zaune ina kallonsa. Shekarata ashirin da shida ban taɓa ganin komai nata ba, ranar da na gani ina cikin gogewa ne. Na tsani kaina, Baba.

Na ɗauke ta a haka na kai wa Malam, na durƙusa na faɗa masa duk abin da na yi. Bai dubi tsirkiya ba. Da hannun hagu ya kifa ta a cinyarsa, ya shafa inda na kankare. Sai ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Tafin ya zauna daidai, yatsuna uku suka rufe inda babu.

Ya ce, "Indo." Gwaggo tana wurin, ita ma ta ji.

Idan ka zo kada ka sa fenti mai duhu. Ina so in riƙa ganinta.

Sai ka iso, Allah ya kawo ka lafiya.
'Yarka, Kubra