Tagiyar Ɗanka Tana Cikin Akwatina

Zuwa ga mijina Usman, mai gudun cefane,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya zaman Masar? Yaya matarka Nafisa da ɗan yaron da ban taɓa gani ba sai a waya? Mu nan Gadarif alhamdulillah, an yanke riɗi, gari cike da waɗanda yaƙi ya koro.

Ka san kowace Salla ina saƙa muku tagiya, nan da nan ta tashi. Ta ɗanka a kan ƙwaryar shan kunu na auna ta, ban sami mai tafiya ba har Salla ta wuce. Da na ga sabon hotonsa na ce wayyo, kanka ya ɗauko, kabewa guda! Na warware, na sake aunawa a kan kwanon miya. Direban da zai kai ta Halfa, bakin iyakar Masar, ya fasa. Bana na sake warwarewa, zaren ya gaji yana tsinkewa a kwarashi, idona ma ya gaji. Maƙwabciyata Hawwa, mai kirana kaka da Larabcin nan, ta ce, "Ya habboba, ai ta karkace!" Na ce haka kawunan gidanmu suke.

Ya waladi, yarona, girman yaron nan ya fi hannuna sauri, kuma ban ga alamar zan ɗora masa ita da kaina ba. Na daina warwarewa. Tana cikin akwatina, kan likkafanina. Ranar da aka buɗe, a ba shi ko ta yi masa kaɗan.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaida Nafisa, ka riƙa faɗa wa yaron sunana har ya iya.

Kakarka,
Asha